Isyaku Mai Lasifika da Sahun Farko

Duk Sabon Garin Wudil babu wanda ya san halin lasifika kamar Isyaku. Da ta fara wannan ƙarar mai kashe haƙori, sai ya karkatar da bakinta, ya rage murya, ya ce makirufo ce ke jin abin da lasifika ta faɗa, tana sake miƙa mata. Shekara ashirin yana kula da ta masallacinmu don Allah, wurinsa kuma sananne ne: sahun farko, bayan liman.

Da soja suka koma bariki, 'yan siyasa suka ɗauke shi. Daga Indabo har Darki yana bayan a-kori-kura, kansa a jikin lasifika, ana zuba alkawura. Aka ci zaɓe, aka watse, aka bar shi da kunnuwan da ba sa aiki. Sai bayan shekara uku wani daga cikinsu ya tuna da shi, ya ba shi na'urar ƙara ji a gaban jama'a, mai hoto na ɗauka. Har yau in na tuna, takaici ke kama ni.

Na'urar tana aiki, ba laifi. Amma duk sa'ad da ya ɗaga hannu kusa da kunne zai yi kabbara, sai tafinsa ya mayar mata da sautinta, ta tsandara ihu. Abin haushin, shi ba ya jin wannan siririyar ƙara, mu ke shan ta. Sai da liman ya rikice a karatu sau biyu aka gaya wa Isyaku.

'Yarsa Murja, mai karatun lantarki a jami'ar garin, ta ce akwai sababbi da ke gane muryar kansu, su soke ta kafin ta zama ihu. Ta nema har Kano ba ta samu ba. Isyaku ya toshe gefen na'urar da kakin zuma, ya sauya hula, duk a banza. Ƙarshe liman ya ja shi gefe, cikin jin nauyi, ya roƙe shi ya koma sahun baya.

Washegari da azahar Isyaku ya tsaya a wurinsa na sahun farko, kusa da ni, ya ɗaga hannu. Shiru kake ji. Bayan sallama muka yi ta yaba masa, muna cewa ai mun san zai gyara.

Murja ce ta gaya mini gaskiyar bayan watanni, tana shanya, ko kallona ba ta yi ba.

"Kawu, batirin na'urar na cikin aljihunsa. Wata bakwai rabonsa da jin Fatiha. Kafaɗarku yake bi."