Kan Mamaci a Zauren Alhaji Buba

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da fassarata ta kusa korar mu daga wani zaure a Katagum ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in al'adu a Azare, aka haɗa ni da wata Baturiya 'yar Holan mai gyaran tsofaffin zane, in yi mata tafinta. Zanen bangon zauren Alhaji Buba za mu farfaɗo, wanda kakansa ya gina.

Ƙa'idar aikin ita ce, kafin a taɓa bango sai an karanta wa mai gida duk abin da za a shafa, ya amince. Ta buɗe kwalabenta tana faɗin sunaye da yarensu, tana yi min bayani da Turanci. Wani ja mai duhu ta ce dodekop, wato kan mamaci. Wani rawaya kuma schijtgeel, rawayan kashi, wato na bayan gida. Ni kuwa don a ga na iya aiki, na juye su Hausa yadda suke.

Alhaji ya tashi tsaye. Ya ce, "Malam Idi, a nan nake sallar nafila. Ku kwashe kayanku."

Ga shi kuwa wata biyu ofishinmu ya yi yana lallashinsa kafin ya yarda da aikin. Baturiya ta rasa me ya faru. Da na gaya mata, sai ta rufe baki tana dariya. Ta ce sunayen bakin masu sana'a ne kawai: jan daga tsatsar ƙarfe yake, rawayan kuma daga 'ya'yan wani itace.

Alhaji bai gamsu ba, sai da Malam Sale, tsohon maginin da muka ɗauko daga Chinade, ya murza jan a tafinsa ya shinshina.

Ya ce, "Alhaji, ƙarfe ne. Mu ma abin da ke fita daga wutar maƙera, me muke ce masa?"

Alhaji ya ce, "Kashin maƙera." Sai ya fashe da dariya, ya koma ya zauna. Ya ce a yi, amma kar a ƙara kiran sunayen a gidansa.

Kwana tara muka gama. Tun daga nan na gane masu sana'a ko'ina bakinsu ɗaya ne. Yanzu nakan gaya wa sababbin ma'aikata: ka fara tambayar da me aka yi abu, kafin ka fassara sunansa.