Baba Ubaidu, Mai Zanen Tsuntsaye da Aka Kashe a Layinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, biyar ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Malam Ubaidullah Lawan, marubucin littattafan yara kuma mai zanen tsuntsaye, yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa sutura bayan la'asar a Abakpa, inda ya zauna fiye da shekara arba'in. Sanarwar da ta zagaya wayoyi ta ce ya rasu "sakamakon wani tsautsayi". An zaɓi kalmar da kyau. Gaskiyar ita ce duka aka yi masa har ya mutu, a bakin wani layi na Unguwar Rimi, layin da nake zaune, inda da wuya ka ƙwanƙwasa get ba mai digiri ne ya buɗe maka ba.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, kuma har yanzu ana faɗa a cikin keke da wajen masu shayi cewa ai infoman masu garkuwa da mutane ne aka kama. Matarsa, Hajiya Uwani, ba ta nemi diyya ba, ba ta nemi a tsine wa kowa ba. Abu ɗaya ta nema, a wanke sunan mijinta, kada jikokinsa su tashi da wannan tabo. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Baba Ubaidu, ina 'yar shekara takwas na fara saninka sosai. Kai da mahaifina aikin gandun daji ya haɗa ku, kuma duk Asabar sai ka zo gidanmu na Unguwar Sarki da malafarka da jakar nan ta fata da ta riga ni zuwa duniya. Ran nan ka tarar na jefi jan-gwada da dutse a kan katanga, ya faɗo kansa a fashe, ina ta tsallen murna. Ba ka yi mini faɗa ba. Da faɗan ka yi da ya fi mini sauƙi. Ka ɗauko shi ka shimfiɗa a kan kwali, ka miƙo mini fensir, ka ce, "Tunda kin kashe shi, 'yata, sai ki zauna ki san wanda kika kashe." Ka sa na ƙirga yatsunsa, na duba inda jan kansa ya ƙare shuɗin jikinsa ya fara. Har aka kira azahar ina zaune, ƙudaje na bina, ina zane ina kuka. Ban ƙara jifan komai ba.

Littattafai goma sha huɗu ka rubuta, kai ka zana kowane shafi da hannunka. "Ina Shamuwa Take Kwana da Rani?" shi yara suka fi so, amma kai "Kabare Ya Gina, An Rushe" ka fi ji da shi. Tun ina jami'a ni nake buga maka rubutunka a kwamfuta, domin ka ce ba za ka amince da abin da ba ya ɓata maka yatsu da tawada ba. Saboda haka ina wurin ranar da wani mai buga littattafai ya roƙe ka ka cire shafin da shirwa ta fige ɗan tsako, ta tsage shi a kan reshe, uwar tana ƙasa tana kururuwa. Ya ce iyaye za su ce abin ya yi tsanani. Ka dube shi ta saman tabarau ka ce, "Alhaji, yaran nan su suke riƙe ƙafar rago ranar layya. Shirwa ba mugunta ta yi ba, yunwa take ji, kuma ɗaya ta ɗauka." Shafin ya zauna. Littafin kuma wani dabam ne ya buga.

Ba ka taɓa sa wa dabba hula ko wando ba. Ba ka zana tsuntsun da ba ka zauna ka kalla da idonka ba. Akwai wani zalɓe da ka bi damina uku a bakin kogin Kaduna saboda kawai ba ka gamsu da yadda yake naɗe wuyansa in zai tashi ba. Makarantun firamare na Abakpa da Unguwar Shanu sun san ka da kwalin alli mai launi, kana cika allo da fukafukai, malamai suna jin tausayin gogewa. Ba a taɓa gayyatarka bikin karrama marubuta ba, kuma ban ga alamar ka lura ba.

Kana da wata ɗabi'a da duk wanda ya san ka ya sha. In kana kallon tsuntsu, wani ya yi maka magana, ba ka juyowa. Hannun hagu kawai kake ɗagawa, tafin a buɗe, alamar a dakata. Ka yi wa Hajiya Uwani haka shekara arba'in da biyar. Ka yi wa wani darakta haka a tsakiyar rangadi, aka mayar da kai ofishin ajiyar takardu na shekara biyu, ka ce ka gode domin tagar ofishin tana kallon bishiyar mangwaro. Mukan yi dariyar wannan hannu.

Tun kafin a yanka filayen layinmu kake zuwa wurin. Akwai wani tsohon rimi da shamuwa ke yin sheƙa a kansa kowace damina, kuma kai kake rubuta ranar zuwansu da ranar tafiyarsu tun ina goye. Yanzu rimin yana cikin katangar wani gida mai waya mai ƙaya a sama, sai dai ka tsaya a titi ka ɗaga madubin hangen nesa. A cikin littafinka na aljihu akwai taswirar unguwar da ka zana, kowace babbar bishiya da ɗigonta, wadda aka sare kuma ka soke ta da jan biro. Jan ya yi yawa a 'yan shekarun nan.

Mako uku kafin rasuwarka aka ɗauke wani maƙwabcinmu a ƙofar gidansa. Tsoro ya kama layin, kuma tsoron na gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Ƙungiyar mazauna layi ta ɗauki 'yan sintiri huɗu. Zaurenmu na WhatsApp, wanda da ba a tattauna komai a cikinsa sai kwata da taransifoma, ya koma ofishin leƙen asiri. Ranar Alhamis wani ya ɗauki hotonka daga saman bene, ta baya, kana tsaye da madubi a ido. Ya rubuta, "Jama'a, kwana uku ke nan wannan mutum yana leƙen gidaje yana rubutu." Saƙonni arba'in da bakwai suka biyo baya. Wani lauya ya ce haka suke yi, tsofaffi suke turowa. Wata shugabar makaranta ta ce Allah ya tona asirinsa. Wani tsohon babban sakatare ya rubuta, "A gaya wa yaran nan su yi maganinsa." Babu wanda ya ce bari in sauka in yi masa sallama.

Ni ma ina cikin zauren. Na ga hoton ina makarantar da nake koyarwa, tsakanin aji da aji, na gane malafar nan take, na yi dariya, na ce in na koma gida zan amsa musu, kuma zan kira ka in tsokane ka cewa ka zama ɗan ta'adda da tsufanka. Na koma gida na manta. Da na rubuta layi ɗaya, da ya isa.

Abin da ya faru ranar Asabar ba a bakin kowa na ji ba. Bidiyonsa guda uku ne, daga benaye uku, kuma na kalle su duka domin wani ya kamata ya kalla har ƙarshe. Shamuwa suna taruwa a kan rimin, tafiyarsu ta kusa, kana ƙirgawa. Ɗan sintiri ya zo ta bayanka ya daka maka tsawa. Ba ka juyo ba. Ka ɗaga masa hannun nan na hagu.

Da gora ya sauke shi. Ana jin ƙarar ƙashin a bidiyon. Kafin ka kai ƙasa sauran ukun sun iso, sai masu gadi, sai leburorin wani gini da ke kusa, sai masu wucewa da ba su ma tambayi laifin ba. Aka fizge jakarka aka zazzage, aka buɗe taswirar, wani ya ɗaga ta sama yana ihu, "Ga gidajen da suka gama da su, an sa musu ja!" Daga nan babu sauran tambaya. Sanda, bel, katakon gini. Wani ya kwaɗa maka madubinka a fuska har gilashin ya tarwatse. Wani ya take hannunka na dama a kan kwalta, ya ɗauki bulo ya sauke a kai sau uku, yana cewa da wannan kake rubuta sunayen mutane. Fensiran launi sun watse a titi ana tattaka su. Sau biyu aka ji muryarka. Da farko ka ce, "Bishiyoyi ne, 'ya'yana, bishiyoyi ne." Daga baya kalmar shahada ce.

Minti goma sha tara. A cikin bidiyo ɗaya ana jin mai ɗauka tana ce wa wani a ɗaki ya rage ƙarar talabijin. Babu get ɗin da ya buɗe. Ni ina kasuwa, na dawo na tarar an watsa yashi a wurin, mai tsire yana gyara tukubarsa a gefe.

Malam Bello, mai makarantar allo a ƙofar gidanka, shi ya yi maka wanka. Shekara ashirin kuna gardama da shi a kan zanen abu mai rai. Shi ya ce ka ji tsoron ranar da za a ce ka busa musu rai, kai ka ce kana nuna wa yara aikin Mai busawar ne. Kullum a kan tabarma ɗaya, da goro ɗaya a raba biyu, babu wanda ya taɓa sauka daga kan bakansa. Ya fito daga ɗakin wankan. Sannan ya ce shekara talatin yana wanke mamata, har da na haɗarin mota, bai taɓa rasa yadda zai miƙe yatsun mutum ba sai yau. A makabarta ya ɗaga murya ya ce, "Ni na yi masa shaidar alheri. Wanda ya san wani abu ban da haka ya faɗa yanzu." Ba wanda ya tanka. Sai da aka watse maganar infoman ta ci gaba.

'Yan sintiri biyu suna hannun hukuma. Talakawa ne, daga ƙauye aka kawo su, ba su taɓa riƙe littafinka ba. Waɗanda suka saya wa 'ya'yansu littattafanka kuwa, ranar addu'ar bakwai suka zo Abakpa cikin manyan riguna, motoci biyar, buhun shinkafa uku. Shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Balarabe, ya yi jawabi mai daɗi a kan ƙaddara. Ya ce kwana ne ya ƙare, a yi haƙuri a bar wa Allah.

Hajiya Uwani ta amsa daga bayan labule. "Alhaji, kwana ya ƙare, na sani, ai ni na haɗa masa likkafani. Jininsa na bar wa Allah da hukuma. Amma sunansa a wayarku kuka ɓata shi. Ku koma inda kuka rubuta ɓarawo ne, ku rubuta kun yi kuskure, ku tura wa duk wanda kuka tura wa na farko. Shinkafar kuma a kai wa Malam Bello, yana da bakin ciyarwa da yawa."

Alhaji Balarabe ya ce in sha Allahu za a duba. An duba. Lauyan layi ya ba da shawarar kada a rubuta komai tunda magana tana gaban hukuma. Washegari aka goge saƙonni arba'in da bakwai ɗin, aka sanar cewa daga yanzu shugabanni kaɗai ke iya rubutu a zauren, don kiyaye zaman lafiya. An koma maganar taransifoma.

Na riga na ɗauki hoton saƙonnin kafin a goge. Ranar Litinin na kai su ofishin 'yan sanda, da sunan kowa da lokacin da ya rubuta, na kuma sa hannu a kan bayanin cewa na gani tun Alhamis, na gane shi, na yi shiru. Maƙwabta sun daina amsa gaisuwata, wanda ya rage mini aiki da safe.

Hajiya, ga abin da kika nema, ko da yake ba daga bakin da kika nema ba. Ni Nafisat Ibrahim, mazauniyar wannan layi, ina shaida wa duk mai karanta wannan cewa Malam Ubaidullah Lawan bai taɓa leƙen gidan kowa ba. Tsuntsaye yake kallo, bishiyoyi yake rubutawa. Mun yi masa ƙazafi, ƙazafin ya kashe shi. Duk wanda ya tura wancan hoto, ya tura wannan shaida.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Ubaidullah, ka gafarta masa, ka sa azabar da ya sha a titinmu ta zama kaffara gare shi, ka karɓe shi cikin waɗanda aka kashe bisa zalunci. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Uwani, da 'yarsa Nusaiba da 'ya'yanta, da Malam Bello, da dukan jama'ar Abakpa. Allah ya ba ku haƙurin da ba na dole ba. Mu kuma mutanen layinmu, ban san da wace fuska zan roƙa mana gafara ba, amma ina roƙo. Allah ya sa mu cika da imani. Amin.