Kalmasar da Goggo Ta Bari a Hannun Kwat

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, bakwai ga watan Maris, ina fitowa daga aji Yayana ya kira ni a waya, ya ce Goggo ta cika da hantsi. Na tsaya a bakin taga ina kallon dusar ƙanƙara tana sauka a hankali, ina sanye da kwat ɗin da kika ɗinka mini.

Goggo, ke kika riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. A gindin keken ɗinkinki na girma, ina tsince ƙyallaye, ƙarar keken tana sa ni barci. Har yau in na rufe ido ina ganin ɗakin nan: hasken rana ta taga, zare a kan ɗankwalinki, tef ɗin awo rataye a wuya.

Da zan shiga ajin ƙarshe na sakandare, makaranta ta zaɓe ni in je ƙasar waje in ƙarasa shekarar a can. A lokacin ciwo ya riga ya kama ki, ƙafafunki sun kumbura, da ƙyar kike taka keke. Na ce ba zan je ba, domin ina tsoron in tafi in dawo ban same ki ba. Na ɓoye takardar amincewa da aka ce in kawo miki ki sa hannu a ƙarƙashin tulin yadi, na manta cewa babu abin da ke ɓuya a ɗakin tela.

Ba ki yi mini faɗa ba. Sai dai kika fara tambayoyi kina ɗinki, kamar mai ba da labarin mafarki. Wai in rana ta faɗi a nan, a can take kwana? Wai ƙanƙarar tana da ƙara in tana sauka? Wata rana kika je wurin mai shagon kusa da mu, kika roƙe shi ya buɗe firji, kika sa hannu a ciki har ya sandare. Kika dawo kina cewa yanzu kin san irin sanyin ƙasar.

Washegari kika ce, "Miƙe, 'yar nan, buɗe hannu." Kika auna ni. Kika yanka bargonki mai kyau kika yi shafi da shi, kwat ya yi nauyi har Yaya yana tsokana wai sai an saya masa kujerarsa daban a jirgi. Kamar yadda kike yi wa kayan yara, kika bar kalmasa mai faɗi a hannuwan saboda girma. Kika ce, "In kin dawo kin ƙara tsawo, ni zan warware miki." Sannan kika ciro takardar kika dangwala yatsa.

Wannan maganar ce ta sa na tafi. Na ɗauke ta alkawari, ke kuwa ina jin kin san abin da kike yi. Sanyin nan ya fi na firjin, Goggo, amma bai taɓa ratsa bargonki ba. Ƙanƙarar kuma ba ta da ƙara, na so in faɗa miki da bakina.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya lulluɓe ki da rahamarSa kamar yadda kika lulluɓe ni. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba, ƙanenki, da Yaya da ya yi jinyarki, da matan unguwa da kika yi wa ɗinki shekara talatin. Allah Ya ba mu haƙuri.

Saura wata uku in dawo. Na ƙara tsawo kamar yadda kika ce, hannun kwat ya ɗage, wuyan hannuna yana waje. Wata mai ɗinki a nan ta ce za ta warware mini kalmasar cikin minti biyar. Na ce ta bari.