Rinin Malam Mijinyawa

Magana ta daɗe tana yawo tsakanin Bodinga da ƙauyukan Shagari cewa Malam Mijinyawa, mai awon jini a ƙaramin asibitinmu, yana yi wa ruwan rini algus. Wai ruwa yake ƙara masa yadda wasu masu tallan nono ke yi, shi ya sa in ya duba jini ba ya ganin komai. Wai kuma a haka matar wani manomin albasa na Lambara ta rasu. Wata mai zuwa zai ajiye aiki, kuma da wannan sunan zai koma gida. Ni kuwa na koyar a aji har kaina ya yi fari, ban taɓa karɓar "an ce" a matsayin amsa daga ɗaliba ba. Sai na ɗauki mayafina na tafi in gani.

Kafin marasa lafiya su cika baranda, ya riga ya share ɗakinsa, ya goge 'yan gilasan da ake shafa jini a kansu, ya ja madubinsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa bakin taga, don da hasken rana yake aiki, lantarki sai ranar da ta ga dama. Aikin nasa ba bokanci ba ne. Ana tsaga yatsa, a shafa ɗigon jini a gilashi, a bar shi ya bushe, a rina shi da wani ruwa mai shuɗi. In ba a rina ba, ƙwayar zazzaɓin sauro ba ta fitowa a madubi ko da ta cika jinin.

Wannan ruwan ne ya yanke. Duk mun tuna shekarun nan na ƙarshen mulkin farar hula, da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, da kuma bayan dawowar soja, lokacin da muke bin layin sabulu da madara. Abin da ake shigowa da shi daga waje ya zama sai labari. Kwalbar rinin da ke hannun Malam Mijinyawa ba wanda ya ce masa ga ranar da za a kawo wata.

Yadda aka koya wa masu awon jini shi ne a shimfiɗa gilashi fuskarsa sama, a kwarara masa rini har ya tumbatsa, a jira, a zubar. Mafi yawansa a kwata yake ƙarewa. Shi kuwa sai ya samo farantin tasa, ya jera tsinken tsintsiya biyu a ciki, ya kifa gilashin a kansu, jinin yana kallon ƙasa. Ya ɗiga rini a gefe, rinin da kansa ya kutsa ta ƙarƙashi ya mamaye jinin, ba ɗigon da ya tafi banza. Da jinina ya nuna mini. Na sa ido a madubin, na ga abin tar kamar zanen atamfa.

Ruwan kuma na gan shi yana zubawa, a gabana. Na ce, "To Malam, ga algus ɗin nan fa." Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ashe rinin da kauri yake zuwa, kowane mai awo sai ya sirka shi da ruwa bisa ma'auni, kuma da zarar an sirka ba ya kwana. Saboda haka ba ya sirkawa sai gilasai sun taru. Wanda ya taso daga Kajiji da sassafe sai ya zauna jiran wanda bai iso ba tukuna. Ga yunwa, ga yaro yana zafi a baya, ga mutum ta taga yana zuba ruwa a magani. Ni ma da a barandar nake da na yi zargi.

Saura maganar matar. Safinatu sunanta, mijinta Ladan. Tani, ma'aikaciyar jinya da ta karɓe su, ita ta ba ni labari. An kawo ta jikinta kamar garwashi, Ladan yana roƙon a yi mata allurar zazzaɓi kawai su tafi, don a wurinmu kowane zafin jiki sauro ne. Malam Mijinyawa bai sa ta jira kowa ba, ya sirka rini dominta ita kaɗai. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce babu ƙwayar, a wuce da ita Sakkwato ran nan. Mota ta yi wuya. A can Sakkwato Safinatu ta cika.

Abin da ba a sani ba, inji Tani, shi kansa bai yarda da kansa ba. Ya rame a makon nan. Da ma gilashi biyu ya shafa, ya rina ɗaya. Sai ya naɗe su a ƙyalle ya hau mota zuwa wurin wani abokin aikinsa a birni, ya ce a rina na biyun yadda aka saba, da sabon rini, a kwarara har ya zube, kuma kada a duba nasa sai an gama. Ya ce wa Tani in aka ga ƙwaya ko ɗaya, shi da faranti sun rabu, kuma da ƙafarsa zai je Lambara ya faɗa.

Na tambaye shi don me bai taɓa gaya wa Ladan sakamakon ba. Yana goge madubi ya ce, "Hajiya, mutum ya rasa matatai, ni kau in tahi mishi da gilashi? Mi zan ce mishi? Ga shi na yi daidai?"

Ni na je. Na tarar da Ladan yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga rudu, wato rumbun albasa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce, "To Inna, in ba shi ba na, mi yak kashe ta?" Na ce masa ban sani ba, kuma ban ƙirƙiro masa komai ba.

Malam Mijinyawa, kai ne ka sa kwalba guda ta kai mu daga damina zuwa damina, yara nawa aka yi wa magani bisa sani ba bisa zato ba, Allah kaɗai ya san adadinsu. Kai ne ka fara zargin kanka kafin kowa ya zarge ka, ka kuma kai aikinka inda za a iya ƙaryata shi. Mai ƙyamar ɓarna, mai tsoron hakki. Mun gode, Allah ya saka, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, ko ranar da kaya za su wadata, ku koyi kifa gilashi, ku koyi kai aikinku a duba muku.

Ruwan da yake zubawa shi ne wanda ƙa'ida ta ce a zuba. Gilasai biyun duka ba a sami ƙwayar zazzaɓin sauro a cikinsu ba. Abin da ya kashe Safinatu kuwa, har yau ba wanda ya sani.