Ƙirjin Talotalo a Tukunyar da Ba Ta Hayaƙi

Shekarar da likita ya hana Inna kusantar hayaƙi ina koyarwa a Rabah, ina zuwa gida Wurno duk ƙarshen mako. Tari ne ya kama ta tun damina. Aka sha jiƙo, aka sha zuma, har yayana ya gaji ya ɗauke ta zuwa asibiti a Sakkwato. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙirjinta ya sha hayaƙin itace har ya ƙoshi, ko ta bar murhu, ko mu yi ta zarya asibiti har ranar da za mu koma gida babu ita. Ya hana ta jan nama da maiƙo. Inna ta ce to. Muna isa gida ta ajiye mayafi ta nufi madafa.

Ba wai an rasa mai girki ba. Matar yayana tana nan, ta iya, ga haƙuri. Amma tun da ta shigo gidan aikinta tuƙa tuwo ne, miya da nama kuwa na Inna ne, haka muka taso muka gani. Yaya ya sayo gas, Inna ta ce ba za ta tsuguna gaban bam ba. Aka ɓoye itace, ta aika aka sayo wani. In an yi mata faɗa ta yi shiru, in an ba da baya ta hura wuta.

Ni kuwa ina da wani hali, duk matsalar da na gani sai in ɗauka akwai na'urar da ke maganinta. Wata malama da muke aiki tare tana da tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, ta zuba wake da safe, ta tarar da shi lugub bayan an tashi. Na nemo irinta a Sakkwato. Tukunyar tangaran ce cikin gidan ƙarfe, da murfin gilashi da makunni guda. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, sai dai tana cin sa'a shida ko bakwai. Yaya ya riga ya sa sola a kan rufi saboda firji, da rana tana ɗaukar tukunyar ba wahala. Dabarata ita ce Inna ta ci gaba da girkinta da hannunta, ƙirjinta kuma ya huta. Na yi ta yaba wa kaina tun daga tasha har gida.

A makon nan ne Kawu, ƙanin Inna da ke noman albasa a bakin dam a Goronyo, ya zo dubiya da talotalo ɗaure a bayan babur. Tsohon namiji ne, wai ya addabi unguwarsu da bin mutane. Aka yanka shi ranar Asabar da safe. Cinyoyi da fukafukai suka tafi wurin matar yaya, ƙirjin aka ware wa Inna tunda farin nama ne. Duk wanda ya taɓa dafa ƙirjin tsohon talotalo ya san halinsa, in aka kuskura sai ya bushe ya zama igiya a baki, Inna kuwa haƙoranta na gaba kaɗai suka rage.

Na jona tukunyar a baranda, na kawo wa Inna kujera. Da farko abin ya tafi yadda nake so. Ta daka tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari, ta tsaga naman wuri uku, ta cusa, ta murje shi da gishiri. Ta yayyanka albasar Kawu manya-manya, na shimfiɗa a gindin tukunya, muka ɗora ƙirjin a kai. Sai ta ɗebo ruwa cike da moɗa. Na riƙe hannunta, na ce rabin kofi ya isa.

"Wane irin nama na za shi dahu babu ruwa?" in ji ta.

"Inna, shi da kainai za shi hidda ruwanai."

Ta dube ni, ta dubi tukunya, ta bar ni na zuba rabin kofin. Na rufe, na murɗa makunni, na gaya mata ƙa'ida guda ce, ba a buɗewa, don duk buɗewa tana fitar da zafin da aka daɗe ana tarawa.

"To yanzu mi za ni yi?"

"Ba komi, Inna. Ki huta."

Ba ta tashi ba. Ta zauna da ludayi a kan cinya tana kallon murfin. Babu itacen da za a iza, babu wutar da za a fifita, babu kumfar da za a kwashe. Can ta kai tafin hannu jikin ƙarfen, ta ce ko ruwan wankan jariri ya fi wannan zafi. Ta kara kunne, ba ta ji tafasa ba. Kafin hantsi ya wuce ta buɗe sau biyu, ta juya naman da ba ya bukatar juyi. Na yi bayani a hankali. A karo na uku raina ya ɓaci, na yi mata magana da muryar da nake yi wa ɗalibai, na zare ludayin daga hannunta na kai ɗaki. A lokacin ban ji na yi laifi ba ko kaɗan, gani nake ceton ta nake yi.

Ranar matar yaya a gas ta yi tuwo, don haka gidanmu bai tayar da hayaƙi ba tun safe. Bayan azahar sai ga maƙwabciyarmu, tsohuwar ƙawar Inna, ta shigo da sallama tana haki.

"Lahiya dai? Na ga shiru ba hayaƙi, nic ce ko jikin na yat tashi."

Inna ta nuna tukunya da haɓa. "Ga mai dahuwa nan. Ni gadi nika yi."

Maƙwabciya ta zagaya tukunyar, ta leƙa ta gilashi, ta ce ikon Allah, ta tafi ta ba da labari. Kafin la'asar mata uku sun shigo kallo. Ƙamshi kuwa ya riga ya cika gidan, ƙamshin tafarnuwa da albasa zalla, babu ƙauri.

Da aka sauko daga la'asar na buɗe. Romo ya taru har rabin naman, albasa ta narke ciki. Na taɓa ƙirjin da cokali ya rabu biyu ba gardama. Na mayar wa Inna ludayinta don ta ɗanɗana. Ta ɗebi romo ta kurɓa, ta ɗauki tsoka ta sa a baki, ta daɗe tana juya ta. Na jira ta ce wani abu ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Babu abin da ya yi kaɗan, kuma ita ma ta sani. Ta ajiye ludayin ta ce a zuba wa maza.

Kawu ne ya fara shigowa daga zaure yana lashe yatsu, ya tsaya gaban Inna.

"Yaya, wallahi hannunki na nan yadda nis san shi. Ban taɓa cin talotalo irin wanga ba, ko wanda kinka yi muna da sunan ɗiyata."

"Ba ni nid dahwa shi ba," in ji Inna. "Ka gode ma tukunya."

Kowa ya yi dariya, har da ni.

Washegari ina haɗa kaya zan koma Rabah na ji Inna ta kira matar yaya. Ta fito da gwangwanayen yaji, da ƙullin daddawa, da kuka da busasshiyar kuɓewa, da 'yar wuƙarta da ba ta ba kowa aro, ta jera a tabarma ta ce a kwashe. Matar yaya ta durƙusa. Na sa baki, na ce ai ba haka aka yi ba, don Inna aka kawo tukunyar, ita za ta riƙa haɗa komai da hannunta.

"Haɗi ko ke kin iya," in ji Inna. "Na zauna jiya na gani. Wanga aiki ko babu ni shina yiwuwa, ya ma hi kyau."

Ba fushi take yi ba, da fushi ne da na san yadda zan lallashe ta. Ta faɗa ne kamar mai gaya wa mutum ranar kasuwar Achida.

Ba ta sake hura wuta ba, ba ta kuma sake taɓa tukunyar ba. Matar yaya ce ke amfani da ita har yau, tana dafa wake da ganda. Tari ya yi sauƙi kafin sanyi ya fita, muka koma asibiti likita ya saurari ƙirjinta ya yaba, ya ce duk wanda ya raba ta da murhu ya yi babban aiki. Yaya ya nuna ni. Na karɓi yabon, don gaskiya ne, kuma da za a mayar da ni baya ban san abin da zan sake ba, in ban da ludayin nan.

Inna tana nan da ranta, tana numfashi lafiya lau. Tana yini a ɗaki da carbi. In an kai mata abinci sai ta gyara zama, ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode, Allah shi saka da alheri, yadda baƙi ke ce mata a da. Duk ranar da ni na kai kwanon, ajiyewa nake yi in fita da sauri kafin ta faɗa.