Aron Ƙorai a Soron Gwaggo Kubura

Duk wanda ya san Dogarawa ya san tsohon soron Gwaggo Kubura, ƙanwar babana. Kakanta ne ya gina shi da ƙasa da azara, ita kuma ta cika shi da jere: ƙorai masu zane, ludaya, faya-fayen kaba masu rini, da tasoshin tagulla da ta yi ta tsinta tun tana tallar goro a kasuwar Ƙonni. Malaman lakwal, wato makarantar boko, kan kawo yara su gani, tana gaya musu hannun da ya zana kowace ƙwarya.

Kara ce ta cuce ta. Duk matar da za ta aurar da ɗiya sai ta zo aron kayan jere, wai kada dangin ango su raina ɗakin amarya. Gwaggo ba ta iya cewa a'a, kuma a garinmu bin sawun abin aro rowa ce. Matan nan sun san da haka sarai. Ni dai ban kira shi aro ba, sata ce da sallama. Na yi faɗa har bakina ya gaji, ta ce in bar mutane da halinsu.

Bara aka aiko cewa baƙi za su zo daga garin Tawa su ga soron, alhali ba abin da ya saura sai shacin ƙorai a bango. Tsohuwar nan ta ɗauki sandarta ta bi gida gida, ina biye da buhu, zuciyata tana tafasa. Ko sau ɗaya ba ta ce a mayar mata da kayanta ba. Aro ta roƙa, wasu ma har da jan rai kafin su ba ta.

Baƙi suka zo, suka ɗauki hotuna, suka yaba wa garin da ya iya riƙon kayan kakanni. Motarsu ba ta kai bakin kwalta ba, Saratu maƙwabciya ta yi sallama.

"Inna, na taho in amshi ƙwaryata, ɗiyata na jira."

Ƙwaryar auren mahaifiyar Gwaggo take nufi. Na zabura zan yi magana, Gwaggo ta riƙe mini zane. Ta sauko da ita da hannunta, ta goge ta da gefen mayafi, ta miƙa mata.

"Na gode da aro, Saratu. Allah shi bar zumunci."