Ranar Da Baba Ya Ƙaryata Jirgina

Shekarun baya, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Tsohon matuƙin jirgin soja ne, mai faɗa da barkwanci, amma tunda aka sallamo shi daga asibiti ya yi gum. Likita ya ce in ba ya motsa hannunsa na dama, sandarewa zai yi. Mun yi lallashi har mun gaji, ko kallonmu ba ya yi.

Ni kuwa a lokacin ba abin da na ƙware a kai sai gem ɗin jiragen yaƙi a kwamfuta, har da sandar tuƙi na saya. Ina ji da kaina sosai, ni da ko tsani ba na iya hawa.

Wata la'asar zafi ya koro ni daga ɗakina, na dawo da kwamfutata falo inda yake kwance. Na loda wa jirgi mai da makamai, ya ɗan taɓa gudu, sai sama.

"Ƙarya na," na ji an ce a bayana.

Na juya. Baba ne.

"Ina kat taɓa ganin jirgi da wanga kaya ya tashi awa tantabara, cikin wanga zahi?"

Na ce, "Baba, ai can cikin gem ɗin ƙasar sanyi ta."

"To maishe shi Sakkwato mu gani."

Na shiga wurin saita yanayi, na ƙara zafi har ya kai na bazararmu. Wallahi jirgin nan ya yi nauyi, ya cinye titi kaf bai ɗaga ba, na zarce cikin daji. Baba ya yi dariya har da tari.

"Yanzu sun hwaɗi gaskiya. Iska in tay yi zahi ba ta ɗaukar kaya. Miƙo nan."

Hannun dama ya miƙo. Yana rawa, amma ya damƙi sandar. Shi ma faɗuwa ya yi da jirgin, ya ce laifin kujera ne. Mahaifiyata na tsaye bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi.

Daga ranar kullum sai mun tashi jirgi, yana tuƙi yana yi min faɗa. Har yau ina gode wa Allah, ina kuma gode wa mutanen da ban sani ba, da suka zauna suka sa zafin rana cikin lissafin wasa. Baba ya rasu daga baya, amma har ƙarshen rayuwarsa da hannun dama yake cin tuwonsa.